Shayina Kafin Sudan da Shayina Yanzu

A Zariya inda na tashi, shayi abinci ne. Duk wanda ka gani a bencin mai shayi yunwa ce ta kai shi, kuma ba zai tashi ba sai ya ji cikinsa ya ɗauka. Babban kofi ake ɗaukowa a tsoma Lipton, a tsiyaya madarar gwangwani, a ɗebo Bournvita ko Milo, a zuba sukari, sannan mai shayi ya ɗaga hannu ya riƙa sheƙa shi daga wannan kofi zuwa wancan har ya yi kumfa ya huce. Ga biredi an shafe shi da bota, ga ƙwai yana soyuwa da albasa da attaruhu. Shi ganyen ba wanda ya damu da shi, launi kawai ake nema a wurinsa. Da wannan bakin na sauka Hartum.

Karatu ne ya kawo ni, kamar ɗimbin 'yan Najeriya da suka bi ta Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa. Daga baya zama ya miƙe, na yi aure cikin Hausawan Gadarif, wani gari a gabashin Sudan, na shiga harkar riɗi. Idan aka tambaye ni abin da ya fi ba ni wuya a farkon zuwana, mutane suna zaton zan ce zafin rana ko Larabcin kasuwa. Waɗannan na san da su tun kafin in taso. Abin da ban shirya masa ba shi ne gari ya waye in rasa shayin da zai riƙe ni.

Masu shayi kuwa ga su nan ko'ina, sai dai duk mata ne. A ƙarƙashin kusan kowace darbejiya, a bakin tashar mota, a ƙofar asibiti, a gefen titin da ya bi gaɓar Nilu, za ka tarar da mace zaune a bayan ƙaramin akwati, murhun gawayi a gefenta, butoci suna tafasa. Sittat shai ake kiransu. A saman akwatin an jera kwalabe: kirfa, citta, kanumfari, habbahan (wasu 'ya'yan ƙamshi da Turawa ke kira cardamom), na'ana'a, hulba, busasshen zoborodo. Kewaye da ita ga 'yan gajerun kujeru da aka saƙa da igiyar roba, banbar, waɗanda in ka zauna gwiwarka tana kusa da ƙirjinka. Lokaci zuwa lokaci ta ɗauki garwashi ɗaya ta ɗora turaren wuta. Ranar da na fara zama wurin ɗaya daga cikinsu, ta miƙo mini ɗan kofin gilashi da bai kai tsawon yatsana ba, shayi ja wur, sukari kwance a ƙasa, zafinsa ya hana ni riƙe shi sai ta baki. Na shanye na tashi, cikina bai san an yi ba.

Na daɗe ina ajiye gwangwanin Milo a ɗaki. Duk wanda zai zo daga gida saƙona ɗaya ne, kuma ba ni kaɗai ba, yawancin ɗalibanmu haka suke. Da daddare mu haɗa namu mai kauri mu sha da biredi, muna hirar gida. Har yanzu ina ganin ƙimar wannan zama, domin shi ya riƙe da yawa daga cikinmu a lokacin da kewa ta fi tsanani.

Ba rana ɗaya na yanke shawarar sauyawa ba. Tsarin cin abincin ƙasar ne ya ja ni. Mutumin Sudan da asuba shayi da madara yake sha, da biskit ko zalabiya, wato irin fankensu, mai zafi da aka barbaɗa wa sukari, ya fita. Karin kumallo na gaske, fatur, sai hantsi ya ɗaga, wajen ƙarfe 10 ko 11, a kewaye kwano ɗaya na ful, wato dafaffen wakensu, da man riɗi da cuku, kowa ya sa hannu da biredinsa. Bayan nan ne jan shayi ke zuwa. Bayan abincin rana ma haka, sannan in an idar da sallar magariba a sake fito da na madara, iyali su taru a tsakar gida. Da na shiga wannan tsarin sai na ga ai ful ya ɗauke wa shayi nauyin ciki. Da ƙoshi nake zuwa wurinsa, don haka na fara jin abin da ke cikin kofin: ɗacin ganyen da ke kama harshe, yajin citta a maƙogwaro, bambancin wanda aka tafasa da wanda aka zuba wa ruwan zafi kawai. Wata rana na buɗe gwangwanina na tarar garin ya dunƙule ya daskare, na manta rabon da in taɓa shi.

Amma inda bakina ya juya da gaske Gadarif ne, a gidan su matata, a hannun kakarta. Surukai akwai kunya tsakaninmu, gaisuwa ce daga nesa, ita kuwa tsohuwar wasan jika take yi da ni, don haka a gabanta nake sakewa. Da magariba takan sa a kawo mata murhu gaban shimfiɗarta, domin ba ta yarda wata yarinya ta dafa mata shayi. Madarar shanu ce zalla, ba ko ɗigon ruwa. Ta ɗora a wuta mai sanyi, tana ɗebowa da ludayi tana sheƙawa daga sama, har madarar ta ragu, farinta ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, ƙamshinta ya cika zauren. Sannan ta watsa ganye da 'yar kirfa ta sauke. Mugannan suke ce masa. Ranar farko na ce, "Hajiya, ai da an ɗan ƙara wuta da tuni ya yi." Ta ce, "Angona, zauna. Ku mutanen gida kun saba da garin gwangwani, shi ya sa ba ku san madara tana nuna ba." Da na kurɓa sai na ji kaurin da nake nema tun zuwana, amma ba koko a ciki, kuma ganyen yana nan da ransa a ƙarƙashin madarar.

Wannan tsohuwa Hausarta tsaf, har da kalmomin da rabona da jin su tun bakin kakata. Iyayenta a ƙafa suka zo, a hanyar aikin hajji, kamar dubban mutanenmu. Tarihin sananne ne: bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, suka zauna a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, a garin da har yau ake kira Maiwurno. Wasu sun tsaya neman guzuri a gonakin audugar Jazira bayan an gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, suka haihu, suka yi jikoki, suka bazu zuwa Madani da Gadarif da Kasala. Sun riƙe harshe, sun riƙe tuwo da miyar kuka, matansu na sayar da godogodo, wani abin sha na gero mai kama da fura, mazansu na gasa agashe wanda yanzu duk Sudan ke ci. Shayinsu kuwa na Sudan ne tsantsa, ba ko alamar namu a ciki.

Na daɗe ina juya wannan a raina kafin in gane dalili. Kakanninsu sun bar ƙasar Hausa kafin teburin mai shayi ya kafu. A zamaninsu baƙo ruwa ake ba shi, da fura, da goro. Abin da nake ɗauka shi ne shayinmu na gado, har nake kewarsa kamar yadda ake kewar uwa, kayan kamfani ne da suka shigo daga baya: ganye a jaka, madara a gwangwani, garin koko a gwangwani. Ko shayin Highland da ake nomawa a tsaunin Mambila ba tsoho ba ne. Wannan bai rage mini son mai shayin gida ba. Mutumin da ke ciyar da lebura da direban dare da ɗalibi da kuɗi kaɗan, ƙarfe biyun dare fitilarsa na ci, ba abin rainawa ba ne. Sai dai na daina jin cewa na saki wani abu na iyaye da kakanni don na koma shan ja a ƙaramin kofi.

Da na je gida hutu, washegari da safe na nufi teburin unguwarmu da ɗokina. Mai shayin ya gane ni, ya haɗa mini irin wanda nake so a da ba tare da ya tambaya ba. Na kai rabi na kasa ci gaba, ya yi mini nauyi, zaƙin koko ya rufe komai. Abin ya taɓa zuciyata ƙwarai, domin mutumin ya tuna da ni, ni kuma bakina ya riga ya tafi wani wuri. Na zauna na ƙarasa shi a hankali don kada ya ji wani iri.

Sukari shi ne yaƙin da ya fi tsawo. Mutanen Sudan suna shan sa ba kaɗan ba, ƙasar kuma tana da manyan masana'antunsa, irin ta Kenana da ke kusa da Rabak a yankin Farin Nilu, wadda ta fara aiki a farkon shekarun 1980. A ɗan kofin nan mai shayi za ta zuba cokali biyu ko uku in ba ka yi magana ba. Na bi su a haka shekaru, har sai da na ga yadda ciwon sukari ke cin abokan kasuwancina, wani an hana shi, wani yana sha a ɓoye. Sai na fara cewa a kawo mini sukarin daban in zuba da kaina, daga biyu na koma ɗaya, daga ɗaya na koma rabi. A gidan mutane abin yana da wuya, domin mai gida yana ganin shayi marar zaƙi rowa ce ga baƙo. Nakan karɓa in sha, a kofi na biyu in roƙi alfarma. Da zaƙin ya ragu sai na fara bambance ganye mai kyau da marar kyau, abin da a da ko an biya ni ba zan iya ba.

Gahawa ma ta shigo rayuwata a gabashin ƙasar nan, inda ake soya 'ya'yanta a gabanka, a daka da citta, a dafa a 'yar tukunyar ƙasa mai dogon wuya, jabana. Ina shan ta in an haɗu, amma ba ta kori shayi ba. Zoborodo kuwa, wanda a gida ban san shi ba sai da ƙanƙara, a nan na koyi shan sa da zafi.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya same mu a Hartum. Muka baro komai muka dawo Gadarif, gidan ya cika da dangi, musamman bayan Madani ta faɗi a watan Disamba na shekarar. A wannan lokacin ne na ga abin da shayi yake a wurin mutanen nan. Abinci ya ragu, madara ta zama sai yara, amma butar ba ta sauka daga wuta ba. Duk wanda ya iso da ƙurar hanya, kafin a tambaye shi wa ya rasu wa ya tsira, sai an miƙa masa kofi. Matan da suka gudo ba su da jari sai murhu da buta, cikin 'yan kwanaki suka kafa akwatunansu a bakin titi, suna ciyar da 'ya'ya da shi. Dama can da yawa daga masu shayin Hartum yaƙe-yaƙen Darfur da tsaunukan Nuba ne suka koro su, kuma sun sha kora da ƙwace kaya. Awadiya Mahmud Koko, wadda ta haɗa kansu cikin ƙungiya har Amurka ta ba ta lambar yabo ta mata masu jarumta a 2016, da sayar da shayi ta fara. Ni dai ban ƙara yin ciniki da mai shayi a kan kuɗin kofi ba, kuma raina yana ɓaci in na ga mai hali ya sha ya ce a rubuta bashi.

Ganyen da muke sha ba a Sudan ake noma shi ba. Yawancinsa daga Kenya yake zuwa, irin mai ƙananan ƙwayoyi da ke saurin sakin ja. A watan Maris na 2025 gwamnati ta dakatar da shigo da kaya daga Kenya saboda saɓanin siyasa kan yaƙin, sai zancen ganye ya zama hirar majalisa, kowa yana faɗin inda ya samo nasa da nawa ya saya. Mu a gidanmu sai muka rage. Na asuba da na magariba suna nan, na tsakar rana kuwa na mayar da shi citta zalla ko zoborodo mai zafi, kuma ga mamakina bakina ya karɓa har yana nema.

Babbar 'yata ce ke dafa na magariba yanzu, tun da ƙarfin Hajiya ya ragu, amma a gabanta take yi, tsohuwar tana kallon madarar tana cewa saura kaɗan. Yarinyar ba ta taɓa ganin teburin mai shayi ba. Na yi mata alkawarin in hanya ta yi kyau zan kai ta Zariya, kuma ta riga ta ce za ta tafi da kirfarta da habbahan, don ta dafa wa kakarta ta can irin nasu.