Kafin ka haddace dabarun tsara manhaja, ka san halin netwok

Ƙannena masu koyon gina manhajojin kamfanoni, akwai littafin nan Design Patterns da Erich Gamma da abokan aikinsa uku suka fitar a 1994, mai ɗauke da dabaru 23. Ku karanta shi, amma ba irin karatun da na yi masa ba. Ni haddace shi na yi kamar karatun allo, sannan na shiga neman inda zan cusa kowace dabara. Da aka ba ni aikin manhajar karɓar kuɗin wata makaranta, na zuba dabarar Singleton, na zuba ta Abstract Factory, har wanda ya gaje ni sai ya bi ta fayiloli barkatai kafin ya gano inda ake lissafin kuɗin. A lokacin gani nake na ƙware.

Abin da ya kayar da ni kuwa ba ya ma cikin littafin. Uba ya danna wajen biya, saƙo ya isa saba (wato kwamfutar da ke karɓar saƙon tana aiwatar da biyan), an cire kuɗi, sai netwok ya ɗauke kafin amsa ta dawo wayarsa. Ga shi kuma na tsara manhajar ta sake turawa duk lokacin da ta ji shiru. Sai aka cire kuɗin sau biyu. Wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS yana jiran a dawo masa da kuɗinsa ya san irin fuskar da iyayen suka zo da ita.

Da na fara zama na fahimci HTTP da kyau, wato ƙa'idar da manhaja da saba ke bi wajen musayar saƙo, da hakan bai faru ba. A ƙa'idarsa, saƙonnin GET (ɗauko bayani) da PUT (maye gurbin bayani) da DELETE (goge bayani) ko sau nawa ka maimaita, tasirinsu ɗaya ne. POST kuwa, wanda aka fi tura sabon abu kamar biya da shi, ba a ba ka wannan tabbaci ba. Maganin ba shi da wuya: kowane biya a ba shi lamba tasa ta kansa tun daga wayar, saba ta adana ta a rumbun bayanai da sharaɗin kada ta shiga sau biyu. In lambar ta sake zuwa, a mayar da amsar farko, kada a taɓa asusun kowa. Haka kamfanin biyan kuɗi ta intanet na Stripe ke yi da abin da suke kira Idempotency-Key. Sannan duk kiran da za ka yi wa wata saba, sa masa wa'adin jira, kuma in za a sake gwadawa a riƙa ƙara tazara, kada ka danne sabar da dama numfashi take da ƙyar.

Kada kuma ku raina SOAP da XML, tsohuwar hanyar da manhajoji ke musayar bayanai, don an ce zamanin sabuwar hanya ne, wato REST da JSON. Roy Fielding ya bayyana REST tun 2000, amma har yau tsofaffin manhajojin bankuna da yawa da SOAP suke magana, kuma wata rana kai za a sa ka haɗa su da sabuwa.

Yanzu ba na saka wata dabara sai na ga matsalar da take warwarewa da idona. Kuma kafin in miƙa aiki, sai na kashe data ana tsakiyar biyan kuɗi, in kunna, in sake dannawa, in je in duba sau nawa aka cira.