Yadda nake ƙirga waɗanda suka kai ga firim a wurinmu

Ruwan leda muke yi a Damagaram, kamfanin ba wani babba ba ne, injin biyu da mota guda sai ƴan kura masu kai wa shaguna tun daga Birni har kasuwar Dole. Kowa ya san ruwa a garin nan ba wasa ba ne, ƙarƙashinmu dutse ne, in zafi ya kama a Afrilu da Mayu kuwa aiki ba dare ba rana muddin NIGELEC ta bar mana wuta. A irin wannan lokaci yara suke cin wuya, shi ya sa muka sa firim bayan albashi, duk wanda ya zo aiki kwana 24 a wata yana da jika biyar a sama.

To wa da wa suka kai? Nan ne zuciya take shiga, wanda kake so sai ka ga kamar kullum yana nan, mai shiru-shiru kuma ka manta da shi. Ni dai na fi yarda da Excel a kan wannan. Sunaye a kolon A, kwanakin zuwa a kolon C, sai in rubuta =NB.SI(C2:C25;">=24") ta ba ni adadin mutanen nan take, in san nawa zan ware tun kafin ranar biya. Wanda kwamfutarsa daga Kano ya sayo ta, ta Turanci ce, COUNTIF zai rubuta kuma waƙafi (,) zai sa a maimakon alamar ; ɗin nan tamu, in ba haka ba ta ƙi.

Ku kula da alamar = ɗin nan don Allah. In ka sa ">24" kawai, wanda ya yi kwana 24 cif ya fita daga lissafi, kuma mutane da yawa a kan iyakar suke tsayawa daidai. Jika biyar wurin mai iyali ai tiyoyin hatsi ne, haƙƙin mutum ne a wuyanka saboda alama guda.

Masu ɗaure ƙunshi sharaɗi biyu ne a kansu, zuwa aiki da yawan abin da suka ɗaure, sai NB.SI.ENS, ita tana ɗaukar sharuɗɗa da yawa: =NB.SI.ENS(C2:C25;">=24";D2:D25;">="&G1). Ƙunshin da kowa ya ɗaure yana kolon D, a gidan G1 kuma nake rubuta adadin ƙunshin da ake nema, saboda na bazara daban na lokacin ɗari daban, lokacin da ba mai neman ruwan sanyi ba za ka ce yaro ya kawo irin na Mayu ba. Lamba guda zan canza komai ya bi.

Abin da ya fi ba mutane wahala kuma, fomila layi take ƙirgawa, ba ta san mutum ba. In kaye ɗin kullum ka juye cikin kwamfuta, kowane ma'aikaci yana da layi kowace rana, sai ta ce maka mutum ɗari uku alhali ku ashirin ne da ƴan kai. Dole ka fara tara na kowa da SOMME.SI a wani shafi, mutum guda layi guda, sannan ka ƙirga. Ga kuma matsalarmu ta nan, yau mai rubutu ya sa Moussa irin na lakkwal gobe wani ya sa Musa, Excel ta raba shi mutum biyu kowanne bai kai ba. Shi ya sa kowa na ba shi lamba, da lambar ake rubutawa. Haka in wani ya buga "24j" ya zama rubutu ba adadi ba, fomila ta tsallake shi shiru, za ka gane shi ne in ka ga ya manne hagu a cikin gidan.

Da NB.SI kuma nake duba albashi, shi yana kolon E. Tunda aka kai mafi ƙarancin albashi 42.000 a farkon 2024, ina da =NB.SI(E2:E25;"<42000") a kan masu cikakken wata, sifili nake so in gani, kafin ma a kai ga takardun CNSS, asusun fansho da inshorar ma'aikata.

Ranar da mutum ya kwanta ciwo ko ya tafi jana'izar ɗan uwa, in ya sanar, zuwa aiki nake rubuta masa, wannan ni na yanke kuma na faɗa wa kowa tun farkon wata, adadin G1 ma a bango muke manna shi kusa da injin. Wanda bai yarda da kwanakinsa ba ya zo mu buɗe kaye tare kafin ranar biya, sa hannunsa yana nan a kowace rana.