Ɗigon da ke kusurwar allo

Laraba, bayan isha'i.

Da safe lafiya lau. Hazo ya sauka sosai, Maman yara ta dama kunun tsamiya, aka haɗa da ƙosai, kowa ya kama gabansa. Wuta ma ta kai har azahar.

Da la'asar na leƙa gidan Kawu. Na tarar da shi a zaure, Auta na gefensa riƙe da waya, suna kallon wani tsohon fim ɗin Indiya, irin waɗanda launinsu ya koɗe ya koma ja-ja. Ana cikin kallo sai wani baƙin ɗigo ya ɓullo a kusurwar sama ta hannun dama, ya ɓace. Jim kaɗan ya sake ɓullowa. Auta ya goge fuskar wayar da bakin riga, wai ta fara lalacewa. Kawu ya yi dariya ya ce, "Ba wayarka ba ce. Tabon ɓarayin ofaretocin silima ne. Duk inda ka ga wannan, waƙa suka yanke don su tashi da wuri."

Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, ba haka abin yake ba." Ya ce, "Kai ne za ka gaya mini silima? Ina shiga silima tun kana goye." Aka kira magariba, magana ta tsaya a nan. Amma har yanzu tana cin raina, shi ya sa na zauna rubutu.

Ɗigon nan ba tabo ba ne, alama ce da aka buga da gangan. A da, fim ɗin silima mai faɗin milimita 35 ba a dunƙule yake zuwa ba. A faifayen ƙarfe yake zuwa, kowane faifai na ɗaukar ƙafa 2,000, injin kuma yana jan ƙafa 90 a minti guda. Ke nan faifai ɗaya minti 22 ne, ko ƙasa da haka. Fim ɗin Indiya na awa 3 ya haura ƙafa 16,000, kusan kilomita 5 in za a warware shi a titi, faifai 8 ko 9. Saboda haka a ɗan ɗakin da ke bayan 'yan kallo, inda ake haska fim, injin biyu ne a jere. Ɗaya na aiki, ɗaya an ɗaura masa faifai na gaba yana jira. Ɗigon farko yana fitowa saura kamar sakan 8 faifai ya ƙare, shi ke ce wa ofareta, wato mai sarrafa injin, ya tayar da injin na biyu. Ɗigo na biyu yana zuwa saura sakan guda, nan take zai rufe hasken wannan ya buɗe na wancan, ya juya sauti. Kowane ɗigo hoto 4 kacal yake ɗauka cikin hoto 24 da ke wucewa a sakan. In ofareta ya ƙifta ido a lokacin, shi ke nan, sai jama'a su ga farin bango ko lambobi suna sauka. In kuwa ya dace, ba wanda zai san an yi komai. Wanda Auta ya gani a waya, daga tsohon kwafin silima aka ɗauko shi, shi ya sa alamar ta biyo shi.

Ga kuma wutar. Ba ƙwan lantarki ba ne a tsofaffin injinan. Sanduna biyu ne na gawayin kabon, ana haɗa bakinsu a ɗan ja baya, wuta ta tsallaka tsakaninsu da haske mai kashe ido, madubi ya tattara shi ya turo gaba. Sandunan cinyewa suke yi, dole a riƙa matso da su. In tazarar ta canza, hoto ya dushe ko ya sauya launi, in ta yi yawa wutar ta mutu gaba ɗaya. Lokacin ne za ka ji sauti na tafiya, ana ta faɗa da bos, amma allo duhu. Zafin ɗakin kuwa sai wanda ya shiga, musamman da bazara.

Fim ɗin kansa ba gudu yake yi a gaban haske ba. Kowane hoto sai ya tsaya cak, a haska shi, a rufe, a jawo na gaba da haƙoran da ke shiga hujojin gefe, huɗu ga kowane hoto. Don kada wannan fizga ta tsinka shi, ana barin ɗan lanƙwasa sama da ƙasan ƙofar hasken. In hujoji suka yage, lanƙwasar ta ɓace, sai hoto ya kama rawa, injin na ƙara kamar keken ɗinki. In kuwa fim ya maƙale ya tsaya a gaban wutar, cikin ƙiftawa zai narke, a ga rami na buɗewa a tsakiyar fuskar jarumi. Sauti yana kan wani siririn layi a gefen fim ɗin, kimanin hoto 20 gaba da hotonsa, domin a ƙasa ake karanta shi. Kuskuren ɗaurawa kaɗan, sai baki ya motsa magana ta biyo daga baya.

To idan fim ya tsinke fa? A nan ne maganar Kawu take da ɗan tushe. Ofareta zai yanke wurin da ya yage, ya kankare bakin, ya shafa gam ya haɗe. Kowane haɗi yana cin hoto ɗaya ko biyu, yagewa mai tsawon yadi guda kuma sakan 2 ce ta tafi har abada. Kwafin da ke isowa Kano a lokacin ya riga ya sha yawo a garuruwa, ya bi ta injina da yawa, kowa ya yanki nasa. Ga ƙurar hunturu da ke karce shi, har a riƙa ganin layuka kamar ruwan sama, musamman farko da ƙarshen faifai inda hannu ya fi taɓawa. Ban ce ba a taɓa samun mai son zuciya ba. Amma yawancin tsallen da muke yi wa ihu, tun kafin fim ya shigo gari aka yi shi. Kuma bayan kowane faifai sai an mayar da shi farko da hannu, ana murzawa, yatsu biyu a gefensa suna laluben inda ya fara yagewa.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne, duk waɗannan abubuwa su ne yaro ke fara gani ranar da aka fara kai shi. Labarin fim ba ya zama a kansa, ai ba ya jin Indiyanci. Ku tambayi duk wanda ya taso da silimar Plaza a Fagge, ko Orion a Ƙofar Wambai, ko Marhaba, ko Eldorado. Zai gaya muku turmutsutsun tagar tikiti, da hannun yayansa da ya riƙe gam, da masu rake da gyaɗa da tsire a bakin ƙofa. Zai gaya muku ya shiga ya ɗaga kai ya ga taurari, don yawancin gidajen ba rufi sai doguwar katanga, shi ya sa ba a farawa sai duhu ya yi, kuma hadari na iya tashin kallo. Benci a gaba na masu ƙaramin tikiti, kujeru a baya. Sannan kusan kowane yaro sai ya juya wa allo baya ya bi hasken da ido, ya ga yadda ya fito daga ɗan rami a bango, siriri, yana faɗaɗa, hayaƙin taba da ƙwari na yawo a cikinsa. Da zarar fim ya tsinke kuma, ɗaruruwan mutane su miƙe su fuskanci ramin nan da fito da zagi. Yaro ya koyi zagin mutumin da bai taɓa ganin fuskarsa ba, kafin ya koyi sunan jarumi.

Kuma aikin da haɗari. Fim ɗin da ake yi kafin shekarun 1950 da wani sinadari ne mai kamawa kamar fetur, in ya kama wuta, ruwa ba ya kashe ta da sauƙi. Gobarar silimar El-Duniya ta 1951 ta ci rai fiye da 300 a garin nan. Kakanninmu da ke hana zuwa silima ba maganar tarbiyya kaɗai ke ransu ba, wasunsu sun yi jana'izar. Tun daga buɗe silimar Rex a 1937 har zuwa lokacin da bidiyo ya shiga gidaje, akwai mutanen da suka ƙare ƙuruciyarsu a ɗakunan nan, idonsu a kusurwar allo suna jiran ɗigo. Yau ko hotonsu ba a ajiye ba. Abin da ya rage musu a bakin mutane shi ne kalmar da Kawu ya faɗa a zaure, ya faɗe ta kuma ba da mugun nufi ba, haka ya taso ya ji ana faɗa.

Sauran yini ba komai. Mai gyaran babur bai gama ba, sai jibi. Goggo ta aiko da daddawa. Tari ya dawo wa ƙaramar, an ba ta zuma da lemon tsami.

Ɗazu Auta ya turo saƙo. Ya mayar da fim ɗin baya ya ƙirga tsakanin ɗigon farko da na biyu, ya samu sakan 7. Ya ci gaba da kallo da agogo a hannu, bayan minti 20 sai ga su sun sake fitowa. Ya nuna wa Kawu. Kawu ya ce ya gani, amma shi dai ya san akwai wata waƙa a fim ɗin da ba ya ganinta yanzu.