Kifin kwalliya ba ragon layya ba ne

Jama'a masu ajiye kifin kwalliya a falo, don Allah a rage hannu wajen zuba abinci. Mu nan Damagaram mun saba da kiwon turka, sai mutum ya ɗauka kifi ma haka ne, a yi ta ɗura mishi gutsuren burodi da garin rogo har da sauran tuwo wai don ya yi ƙiba. To ba ƙiba zai yi ba, ruwan ne zai ruɓe. Abin da bai ci ba da kashin da ya yi su ke zama wata guba da ake kira amoniya, ita kuma tana ƙona mishi wurin numfashi, ga shi lokacin zafi da ake wuce digiri 40 iskar cikin ruwa raguwa take, in kuran ya tafi famfon iska ya tsaya shikenan sai ka gan su sama suna haki. Kuma wa ke da ruwan canjawa kullum a garin nan?

Sau biyu a rana ya isa, ɗan abin da za su cinye cikin minti 2 zuwa 3. Jan kifin nan goldfish ko tumbi na sosai ba shi da shi, hanji ne kawai, shi ya sa kullum kamar mayunwaci. Kar ya ruɗe ka.

Abincin gwangwani ka duba bayanshi, furotin wajen kashi 30 cikin ɗari ya wadaci manyan goldfish, ƙanana masu tasowa su ke son 40 ko fi. Abincin tarwada da wasu ke saye don araha maiƙo ya mishi yawa, an yi shi ne don kifin da za a kai kasuwa da wuri. Su goldfish kuma suna son ganye, ɗan dafaffen zogale ko salati kaɗan, in ya kwana a tsame shi. Spirulina, wani koren abu mai kama da gansakuka, da ake sa wa cikin abincinsu don kala ta fito ma ba baƙuwa ba ce, ita ce dihe da matan Kanembu ke kwasa a tafkunan yankin Tafkin Chadi.

Amma ajiyar abincin ita ce ta fi damuna. Bitamin C da ke cikin abincin ba ya jure zafi da iska, rashinshi kuma yana sa bayan kifi ya karkace. Gwangwanin da ya shekara kan kanta rana na dukanshi ni dai ba zan saya ba. Ɗauki ƙarami, rufe shi gam, in akwai firigo sa shi ciki, ka ɗibi na sati guda a ƴar kwalba.

In hunturu ya shigo ruwa ya yi sanyi cinsu na raguwa, sau ɗaya ma ya ishe su.