Godiya ga hannayen da suka koyar da 'yata

Alhamdu lillahi. Jiya 23 ga Satumba, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa maganar hannu ta kurame, 'yata ta tsaya gaban taron makarantarsu, ta karanta labari da Turanci a takarda, ta ba da shi da hannu tun daga farko har ƙarshe. Da ta gama sai aka ɗaga hannuwa sama ana kaɗawa, domin ta haka ne kurame ke yin tafi. Ni kam hawaye bai bar ni na ga rabinsu ba.

Sanƙarau ne ya tafi da jinta tana 'yar shekara 2. An ce mana kada mu bari ta saba da maganar hannu, wai za ta hana ta iya Turanci. Shekara 3 muka yi a kan wannan shawara, muna ta ɗaga murya, yarinya ba ta da yaren da za ta ce mana kanta na ciwo. Har yau abin yana ci mini rai.

Malama, ke zan fara gode wa. Ke ma kurma ce, kin san hanyar. Sai da kika cika mata hannu da magana kafin kika buɗe mata littafi. Yaro mai ji yana haɗa harafi da sauti, ita kuwa siffar kalma take haɗawa da alamar da ta riga ta sani, sannan ta jera haruffan da yatsu. Ƙananan kalmomi irin su "the" da "is" sun ba ta wuya watanni, tunda maganar hannu tana da nata tsarin daban. Ina tsaye bakin taga ranar da kika ɗaga gira, kika nuna alamar tambaya a allo, wato aikin da gira ke yi a fuska shi wannan alama ke yi a takarda. Nan take fuskarta ta washe.

Ke ce kuma kika ba su tarihin Andrew Foster, kurma Ba'amurke da ya buɗe makarantar kurame a Ghana a 1957. Ta dawo gida tana cewa ita ma malama za ta zama.

Tafintan taro da iyayen da muke zaman koyon hannu tare, Allah ya saka da alheri. Yayanta da ya riga mu iyawa yana fassara mana, Allah ya yi maka albarka.

Daren jiya ta zaunar da ni, ta sake ba ni labarin a hankali, har sai da ta tabbata na gane kowace alama.