Tsakanin Ƙofar Tuba da Kwarin Shari'a: Labarin Tafiyata Urushalima

A watan Nuwamba na shekarar 2018 ne Allah ya nufe ni da zuwa ƙasa mai tsarki, tare da ayarin masu ziyara daga jihohin Gombe da Bauchi, a ƙarƙashin hukumar da ke kula da ziyarar Kiristocin Najeriya. Mun tashi daga Abuja da dare, muka sauka a filin jirgin sama na Ben Gurion, daga nan motoci suka kwashe mu zuwa Tibariya da ke bakin Tekun Galili. Akwai wata magana da ban faɗa wa kowa a cikin ayarin ba. A lokacin shekara 11 ke nan ba na magana da ƙanin mahaifina, wanda ya sayar da gonarmu ta gado bayan rasuwar mahaifinmu, ya kuma kawo shaidun zur a gaban dagaci. Majami'armu ɗaya da shi, kuma kafin ciwo ya kwantar da shi, duk ranar Lahadi mu biyun mukan buɗe baki mu roƙi Allah ya gafarta mana laifofinmu kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi, sa'an nan kowa ya fita ta ƙofarsa.

Kwana biyu muka yi a Galili. A Kafarnahum, inda har yanzu ake ganin kangayen gidaje na baƙin dutse a gefen tsohuwar majami'ar Yahudawa mai farin dutse, fastonmu ya zaunar da mu a inuwa ya karanta mana sura ta 18 ta Matiyu. A garin nan ne Bitrus ya tambayi Yesu ko sau bakwai ya isa mutum ya yafe wa ɗan'uwansa, aka amsa masa da bakwai har sau saba'in, aka kuma ba shi misalin bawan da sarki ya yafe wa bashin talanti 10,000, amma da fitarsa ya shaƙe wuyan abokin aikinsa saboda dinari 100. Na san misalin tun ina makarantar Lahadi, kuma a ranar na saurare shi da zuciya a rufe, domin a ganina gonar da ta ciyar da mu mu tara ba dinari 100 ba ce. Mun kuma biya ta Tabga, inda aka gina wata ƙaramar majami'a ta baƙin dutse a 1933 a bakin ruwa, don tunawa da wurin da Yesu ya shirya wa almajiransa kalaci bayan tashinsa daga matattu. Mutane suna ta tsoma ƙafa a ruwan suna ɗaukar hoto, ni ma na yi, ban kuma fahimci abin da wurin yake nufi ba sai bayan kwana uku.

Daga Galili muka wuce Urushalima. Da sassafe muka hau Dutsen Zaitun, sanyi yana ratsa rigunanmu. Daga can sama mutum yana ganin tsohon birnin gaba ɗaya, amma abin da ya fara kama idona shi ne kaburbura. Gangaren dutsen cike yake da kaburburan Yahudawa dubun dubata, farare, an ɗora ƙananan duwatsu a kansu, a ɗaya hayin kuma, a gindin ganuwar gabas, maƙabartar Musulmi ce. Tsakaninsu Kwarin Kidron ne. Ja-goranmu, wani Balarabe Kirista ɗan Nazarat, ya bayyana mana cewa tun ƙarni na huɗu masu ziyara suke ɗaukar wannan kwari a matsayin Kwarin Yehoshafat da annabi Yowel ya ambata a sura ta 3, inda Allah zai tara al'ummai ya yi musu shari'a, kuma ma'anar sunan Yehoshafat ita ce Ubangiji ya yi shari'a. Shi ya sa mutane suka daɗe suna marmarin a binne su a nan. Sai ya nuna mana wata ƙofa mai baki biyu a jikin ganuwar, wadda aka toshe da duwatsu a 1541 a zamanin Sarki Sulaiman na daular Usmaniyya ta Turkawa, ya ce Larabawa suna kiran baki ɗaya Ƙofar Rahama, ɗayan kuma Ƙofar Tuba. Da fasto ya juyo zai fassara wa dattawanmu, sai ya ga ba a bukatar fassara, domin rahama da tuba kalmominmu ne na kullum.

Zan faɗi gaskiya game da abin da ya zo zuciyata a wurin. Na dubi kwarin nan na ji daɗi, domin na tuna cewa akwai ranar da baffana zai tsaya ba tare da shaidun zur ba. Shekara da shekaru abin da nake riƙe da shi ke nan game da ranar shari'a, wato rana ce da za a bi mini hakkina. Amma fasto ya buɗe Matiyu sura ta 25, wadda Yesu ya faɗa yana zaune a kan wannan dutse, inda Ɗan Mutum zai ware mutane kamar yadda makiyayi yake ware tumaki da awaki. Abin da za a tambaya a wurin shi ne mayunwacin da aka ciyar, da baƙon da aka saukar, da ɗan kurkuku da marar lafiyar da aka je dubawa. A lokacin baffana ya yi shekara biyu a kwance da shanyewar ɓarin jiki, gidansa bai kai tafiyar minti goma daga nawa ba, ban taɓa leƙa shi ba, na kuma hana 'ya'yana zuwa. Ranar da matarsa ta rasu ma na aika da gaisuwa ne ta bakin wani. A kan dutsen nan ne na fara ganin cewa kwarin da nake jira a tsayar da shi a ciki, ni ma a nan za a tsayar da ni, domin Bulus ya rubuta wa Korintiyawa cewa dukanmu ne za mu bayyana a gaban kursiyin shari'a na Almasihu.

Muka gangaro a ƙasa ta wata siririyar hanya mai santsi zuwa Getsamani, wanda yake a gindin dutsen, dab da bakin kwarin. Akwai tsofaffin itatuwan zaitun guda takwas a cikin shinge, kututturansu duk sun rarake, ga kuma majami'ar da aka kammala a 1924, wadda aka sa wa tagogi masu launin shuni don cikinta ya kasance da duhu kamar dare. A gaban bagade akwai wani falalen dutse da aka kewaye da ƙarfe mai siffar rawanin ƙaya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kusancin wuraren biyu. Inda Yesu ya durƙusa ya karɓi ƙoƙon da ya roƙa a ɗauke masa, jifa ɗaya ne tsakaninsa da kwarin da ake kira na shari'a. Bangaskiyarmu ta Kirista ba ta taɓa raba waɗannan biyun ba. Shaidar bangaskiya ta Nikiya, wadda aka tsara a shekara ta 325 aka kuma faɗaɗa a 381, ta ce zai sake dawowa cikin ɗaukaka ya yi wa masu rai da matattu shari'a, ita ce kuma ta ce muna shaida baftisma ɗaya domin gafarar zunubai. Mai shari'ar shi ne wanda ya ɗauki hukuncin a jikinsa, saboda haka gafarar Allah ba kau da kai daga laifi ba ce, laifi ne da aka kira da sunansa aka kuma biya.

Da dare a masauki muka yi doguwar hira da wani ɗan Katolika da muke ɗaki ɗaya, wanda ya sami zarafin yin ikirari a gaban fada a ranar. Ya bayyana mini cewa su suna dogara ne ga maganar Yesu ga manzanni a Yahaya sura ta 20 game da yafe zunubai, kuma sun gaskata akwai tsarkakewa bayan mutuwa ga waɗanda suka mutu cikin alherin Allah amma da sauran ƙura a jikinsu. Ni ɗan ECWA ne, an koya mini in furta zunubina kai tsaye ga Allah bisa ga wasiƙar Yahaya ta fari, ban kuma yarda da batun tsarkakewa bayan mutuwa ba. Ba mu daidaita ba, amma na ga amfanin abu ɗaya a al'adarsu, wato dole mutum ya buɗe baki ya ambaci laifinsa a kunnen wani. Ni kuwa na shekara 11 ina furta ƙananan laifofi a ɓoye, ban taɓa kiran ƙiyayyata zunubi ba.

Washegari aka kai mu majami'ar Bitrus da ke gangaren Dutsen Sihiyona, wadda aka kafa siffar zakara a kan rufinta, inda al'ada ta ce a nan gidan Kayafa babban firist yake. A ƙarƙashinta akwai wani rami da aka fafe a cikin dutse, muka sauka mu kamar ashirin muka matsu a ciki, aka karanta Zabura ta 88, wadda take ƙarewa da duhu ba tare da wata kalmar ta'aziyya ba. Da muka fito, ja-gora ya tsayar da mu a wani dandamali ya nuna mana Kwarin Hinnom, wanda daga sunansa ne kalmar Jahannama ta samo asali, da kuma Filin Jini da aka saya da azurfa talatin ɗin Yahuza, almajirin da ya ci amanar Yesu. Mutum biyu ne suka yi wa Ubangijinsu laifi a dare ɗaya. Yahuza ya yi nadama har ya mayar da kuɗin, ya kuma furta cewa ya ba da marar laifi, amma ya kai nadamarsa ga waɗanda suka ce masa ina ruwansu, daga nan ya yanke wa kansa hukunci da hannunsa. Bitrus kuwa, da ya yi musun sanin Yesu sau uku kafin zakara ya yi cara, ya fita ya yi kuka mai zafi, ya koma cikin 'yan'uwansa ya jira. A nan ne na tuna da Tabga. Yahaya ya rubuta cewa a bakin wutar gawayi Bitrus ya yi musun Yesu, a bakin wutar gawayi kuma, a gaɓar tekun nan da na tsoma ƙafata, aka tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, aka mayar masa da aikin kiwon tumaki.

Rana ta ƙarshe muka bi hanyar gicciye mai matsayi 14, ta cikin kasuwa mai cunkoso, har zuwa Majami'ar Kabari Mai Tsarki, wadda aka fara keɓewa a shekara ta 335 a zamanin Sarki Kustantin, wadda kuma har yau iyalai biyu Musulmi ne suke riƙe da mabuɗinta suke buɗe ƙofarta. Da shiga, a hannun dama, akwai matakala mai tsayi da ke kai mutum Golgota, inda aka gicciye Yesu. Wata dattijuwa 'yar Zumuntar Mata, mai ciwon gwiwa, ta riƙe kafaɗata muka hau a hankali. Mun fi awa ɗaya a layi kafin mu kai ga bagaden da ake durƙusawa a ƙarƙashinsa a zura hannu ta wani rami a taɓa dutsen. A cikin layin nan ne na ba ta labarin gonar, ita ce ta farko da ta ji daga bakina a tafiyar. Na ce mata, "Mama, da ya zo sau ɗaya ya ce ya yi kuskure, da tuni na yafe." Ta ce, "Ɗana, waɗanda suka buga ƙusoshin nan, wa ya ji sun nemi gafara kafin Yesu ya roƙa musu?" Sa'an nan ta gaya mini cewa 'yan fashi ne suka kashe mijinta a hanya shekaru da yawa da suka wuce, ba a kuma taɓa kama kowa ba. Ta ce da babu ranar shari'a da ba ta iya yafewa ba, domin da jinin mijinta ya tafi a banza, amma tun da akwai Mai shari'a wanda ba a saye shi, ta miƙa masa ƙarar ta huta, tana kuma roƙon ya ba su tuba kafin ranar. Wannan shi ne abin da Bulus yake nufi a Romawa sura ta 12 da ya ce kada mu rama, ramako na Ubangiji ne, sai dai ban taɓa jin sa daga bakin wadda ta biya kuɗinsa ba. Da layi ya zo kaina na zura hannu, dutsen yana da sanyi da santsi, na ambaci sunan baffana, na kuma ambaci nawa.

Mun sauka Abuja ranar Alhamis, na isa gida ranar Asabar. Da yamma na ɗauki ƙullin dabinon da na saya a Yariko na nufi gidansa, na yi sallama. 'Yarsa ce ta fito, ta tsaya tana kallona kafin ta ce in shigo. Na same shi a kan tabarma a jingine da bango, ya rame ƙwarai, hannun damansa a naɗe a cinya. Na durƙusa na ce, "Baffa, ina wuni, yaya jiki? Ka yafe mini rashin zuwa." Bakinsa ya karkace, maganarsa ba ta fita sosai, amma ya kama hannuna da na hagunsa ya daɗe bai saki ba. Bai ambaci gonar ba, ni ma ban ambata ba, har yau kuma tana hannun wanda ya saya. Na cire ƙwallon dabino ɗaya na ba shi a baki, muka zauna har duhu ya fara. Washegari Lahadi na zo da mota, ni da ɗansa muka ɗauke shi zuwa majami'a, muka zauna a benci ɗaya.