Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Takardar da Na Sa Wa Hannu

Makon jiya na tsaya a inda muka rufe Gwaggo a Tibiri, na ce yau zan kawo maganar rabon gonar bakin gulbi. Ku yi mini haƙuri, gonar za ta jira. Shekaranjiya da asuba sanyin hunturu ya kama mini ƙafar hagu har na kasa tsayawa a sahu, a zaune na yi sallah. Da muka fito daga masallaci sai na ji ɗan Kawu yana gaya wa wani baƙo cewa ai tsohon soja ne, tsoro ya sa ya wage ƙafa da ya diro daga jirgi. Shekara arba'in ke nan ana yawo da wannan magana a gidanmu, daga bakin uba ta koma bakin ɗa. Yau zan faɗi tawa.

Wanda ya bi labarin nan tun farko ya san abin da Baba ya ce ranar da na zo Maraɗi cikin kaki na gaya masa an zaɓe ni cikin sojan laima. Yana zaune a zaure yana ɓarar gyaɗa, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo." Inna kuwa, da yake ni ne ɗan fari ba ta kama sunana, ta bayan zana ta ce a gaya wa wancan, wanda Allah bai ba fiffike ba ya bar wa shaho sama. Na fita raina a ɓace. Na ɗauka maganar mutanen da ba su taɓa ganin jirgi a kusa ba ce. Sai da na shiga horo na tarar duk abin da ake koya mana, maganar Baba ce aka shimfiɗa aka yi makonni ana maimaitawa.

Don kuwa sama ba ta cika ji wa mutum ciwo ba, mafi yawan karaya a wajen taɓa ƙasa ake samunta, kuma idon sawu ne ke fara biyan bashi. Shi ya sa kafin mu ga cikin jirgi sai da muka gaji da dira daga kan dakali muna mirginawa cikin rairayi, abin da ake ce wa rule-bule da Faransanci. Ƙafafu a haɗe, gwiwoyi a haɗe kuma a ɗan lanƙwashe, haɓa a manne da ƙirji, gwiwar hannu a matse. Tafin ƙafa ya taɓa, ka ba ƙasa gefen ƙwauri, ka ba ta cinya, ka ba ta kwankwaso, ka ƙarasa da gefen baya, don nauyin ya rarrabu kada gaɓa ɗaya ta ɗauke shi duka. Laima mai zagaye irin tamu tana sauko da mutum da gudun mita 5 zuwa 6 a daƙiƙa, kamar ka diro daga kan katangar gida. Idan babu iska ke nan. Sarjan ɗinmu, Bazabarme ne mai gurguwar Hausa, kullum yana ihu, "Kar ka nemi ƙasa, ita tana neman ka!" Ya san halin ɗan Adam. Da mutum ya ga ƙasa tana taso masa sai ya miƙa ƙafa ɗaya yana lalubenta, ƙafar ta sandare, nauyinsa da na kayansa duk su sauka a kanta.

Daga mita 400 muke fita. Akwai igiyar da kake maƙalawa a wayar da aka ja cikin jirgi, ita ke fizgo laimar daga bayanka idan ka fita, kai naka ƙirga ne kawai: 331, 332, 333, ka ɗaga kai ka duba. In ba ta buɗe ba, ko ta fito a tsaye kamar tsumman da aka matse, sai ka ja laima ta biyu da ke ɗaure a cikinka, wadda muke ce wa bantaral, kuma ba ka da lokacin shawara, don daga wannan tsayi mutumin da ba abin da ya riƙe shi daƙiƙa goma ne tsakaninsa da ƙasa. Waccan igiyar da ake maƙalawa a waya, mai ceto, ita ce ta lalata hannun wani ɗan Tawa da muke ɗaki ɗaya. Bai miƙa wa mai tsaron ƙofa ita da kyau ba, ta zagaye masa damtse, da ya fita ta tsinka naman. Na ga hannun da idona a fili, ƙwanjin ya tattare wuri ɗaya kamar an cusa masa ƙwallon mangwaro a ƙarƙashin fata. Wani kuma ya fita a sanyaye, iskar injin ta juya shi, igiyoyin laima suka murɗe a bayan wuyansa, sai da ya yi ta tuƙa ƙafa kamar mai keke kafin su warware. A jirgin Harkil ana fita ta ƙofa biyu, in ba a daidaita ba mutum biyu su haɗu a bayan jirgi, ko wani ya bi ta saman laimar ɗan'uwansa, ta ƙasa ta sace masa iska, tasa ta lanƙwashe. Duk mun san waɗannan. Tsalle shida ake yi a ba mutum burebe, wato shaidar zama sojan laima, kamar yadda Faransawa ke yi a makarantarsu ta garin Po, ni kuwa ranar da nake magana na riga na wuce ashirin.

Kuma don kada a ce ina wanke kaina, akwai ranar da na yi laifin da gaske. Tsallen dare ne, babu wata, na zaci na iso ashe da saura, na miƙa ƙafar dama ina neman ƙasa, na gurɗe. Na ɗaure da tsumma na yi shiru, babu wanda ya rubuta komai. Wannan na ɗauka, nawa ne.

Karayar tawa kuwa, hunturun da ya biyo bayan daminar 1984 ne, shekarar da mutanen Maraɗi ke ce wa El Buhari. Ruwa bai zo ba, Najeriya ta rufe iyaka ta canja kuɗi, hanyar Jibiya da muke ci da ita ta mutu. Albashina na soja shi ke riƙe da gidanmu. Duk wata ina aiko buhu, kuma ba ɗakin Inna kaɗai yake shiga ba, Kawu da matansa biyu da ƴaƴansa a cikin buhun nan suka ga ƙarshen yunwar. Wannan ɗan nasa da ke ba baƙi labarina a ƙofar masallaci, a lokacin yana goye, kunun da aka dama masa da gerona aka dama. Ban taɓa gori ba sai yau, kuma yau ɗin ma don ya san ƙafar wa yake yi wa dariya.

An tashe mu ƙarfe huɗu. Kafin gari ya waye mun ɗaura laima, an duba kowa gaba da baya, ga jakar kaya rataye a gaban cinya, ga bindiga. Dalilin sammakon kowa ya san shi: a hunturu iska tana kwance da asuba, da rana ta ɗan ɗaga, wajen ƙarfe tara zuwa goma, sai ta taso da ƙarfinta. Ya kamata ƙarfe bakwai ta same mu a ƙasa muna naɗe laima. Sai aka ce akwai babban baƙo da zai zo kallo, a jira. Muka zauna a gefen jirgi cikin ɗamara, igiyoyin cinya sun matse mu, awa ɗaya, awa biyu, har uku. Ƙafafuna suka yi sanyi suka mutu, na dinga motsa yatsu cikin takalmi. Ɗan Tibiri da ke bayana ya raɗa mini, "Yaya, dubi tutar can." Na duba. Ɗazu a rataye take kamar wanki, yanzu ta miƙe tana kaɗawa.

A filin sauka akwai wanda aikinsa ke nan, yana riƙe da ma'aunin iska, yana da ikon ya ce a fasa. Auta ya taɓa nuna mini a wayarsa cewa sojan Amurka ba sa sakin mutane idan iskar ƙasa ta wuce kusan kilomita 24 a awa. Mu ma muna da tamu iyakar a rubuce, ba a jeji aka koya mana aiki ba. Amma baƙo ya iso, an kafa rumfa, an jera kujeru, jirgi ya sha mai ya tashi. Wa zai buɗe baki ya ce a koma? Ba zan kama sunan kowa ba, waɗansu sun riga mu gidan gaskiya, waɗanda ke raye kuma sun san kansu.

Laimata ta buɗe lafiya lau. Da na duba ƙasa na ga hayaƙin da aka kunna don nuna iska, maimakon ya tashi, kwance yake yana bin ƙasa kamar maciji. Na saki jakar kaya ta sauka a igiyarta ta rataye a ƙarƙashina, yadda aka koya mana, don kada mutum ya dira da ita a jiki. Sai iska ta fara lilo da ni, ni a nan, jaka a can. Na ja igiyoyin da ya kamata in ja don in rage gudu, kamar ban yi komai ba. Filin rairayin da aka nufa da mu ya wuce ta ƙarƙashina, na ga ina tafiya da baya zuwa wani fako mai tauri kamar daɓe, ga suri a gefe. Na haɗa ƙafafuna. Wallahi na haɗa su, har ina jin ƙashin idon sawuna na dama yana gugar na hagu ta cikin takalmi. Lilon ne ya dawo da ni daidai lokacin da na iso, ya maka ni da ƙasa ta gefen hagu, na ji ƙas, kamar an karya karan dawa.

Ban ma samu damar jin zafi ba, don laimar ba ta kwanta ba. Iska ta cika ta, ta ja ni a kan fakon ta shiga da ni wata gona, tushiyar gero tana yankar mini fuska da hannu, ƙasa cike da bakina. Ana koya mana ka jawo igiyoyin ƙasa har ta mutu, ko ka tashi ka zagaya bayanta da gudu. Da wace ƙafa? Ɗan Tibiri ne ya kwance tasa ya sheƙo ya faɗa kan laimar da ƙirjinsa. Allah ya jiƙansa, shi ma bai daɗe ba bayan mun bar aiki. Mu bakwai aka kwasa a kamiyo ranar, har da wanda ƙeyarsa ta bugu ya kwana bai san inda yake ba. Mutum bakwai ba sa manta darasi ɗaya a safiya ɗaya.

Kwana uku ina kwance a asibiti, an ɗaure ƙafar da filasta har gwiwa, sai ga ajidan, mai muƙamin da ke sama da sarjan, da takarda. Ya zauna a bakin gado ya tambaye ni jiki, ya ajiye mini goro. Na karanta da ɗan Faransancin da nake da shi, na ga an rubuta cewa sojan bai haɗa ƙafafu ba wajen sauka. Babu kalmar iska ko ɗaya, babu maganar awa ukun da muka yi a zaune. Na ce, "Mon ajidan, ba haka aka yi ba." Ya dube ni ya ce, "Sa hannu, yarona. Kana da iyali a Maraɗi, ga yunwa. Kar ka ja da abin da ya fi ƙarfinka." Na tuna buhun wata mai zuwa. Na karɓi alƙalami na sa.

Wannan sa hannun ya fi karayar yi mini ciwo. Ƙashi ya ɗoru, ko da a karkace. Takardar kuwa ita ta bi ni, ita ta hana ni galan da nake jira, ita ta mayar da ni magaza ina ƙirga barguna da takalma. Shekarun da na yi a can ba abin da zan faɗa a kansu.

Da aka ba ni hutun jinya aka kawo ni gida, tun daga tasha nake shirya yadda zan haɗiye maganar Baba, don na tabbata zai maimaita ta. Aka shigo da ni zaure a kan kafaɗar mutum biyu. Ya tashi da kansa ya gyara tabarma, ya ɗora ƙafar a kan cinyarsa, yana shafa filastar da tafin hannu yana addu'a, ya aika a kira maɗori ya duba ko aikin likita ya yi. Har ya koma ga Allah bai sake ce mini komai nisan jifa ba. Kawu ne ya ɗauke ta. Ya leƙo, ya ga ƙafa, ya ce, "To, ai Yaya ya faɗa, komai nisan jifa." Wani da muka yi aiki tare ya gaya masa abin da takarda ta ce, shi kuma ya ƙara mata tsoro daga aljihunsa. Baba gargaɗi ya yi wa ɗansa don yana jin tsoron rasa shi. Kawu ya mayar da ita abin ba'a, kuma a haka ƴaƴansa suka gaje ta.

Auta ya ce yanzu akwai laima mai saukowa a hankali fiye da tamu, akwai kuma wani abin roba mai tauri da sojan Amurka suka gwada, ana ɗaura shi a kan takalmi ya riƙe idon sawu, har ya rage raunin wajen rabi. Na ce madalla, da mun samu da mun so. Amma ranar nan ko ƙarfe aka ɗaura mini, iskar ƙarfe goma ce, kuma da an sake mu ƙarfe bakwai da na koma bariki da ƙafata.

Na sake ganin ajidan sau ɗaya, shekaru da yawa bayan haka, a babbar kasuwar Maraɗi, ya tsufa yana dogara sanda, ya zo ganin ƴarsa da ke aure a unguwar Zariya. Shi ya fara gane ni, ta tafiyata. Muka gaisa, ya dubi ƙafar ya daɗe, ya ce, "Iska ce, kowa ya sani." Na ce, "Mon ajidan, mutanen gidanmu ba su sani ba." Ya yi shiru, ya ce in yafe masa. Na yafe masa a nan tsaye gaban masu sayar da tabarmi, don shi ma aiko shi aka yi. Kwafin takardar yana nan a ƙasan akwatin ƙarfen Inna, tare da burebena. Na ce wa Auta ya kai wa ɗan Kawu wayar ya karanta wannan kashi da kansa, tun kafin mu zo maganar gonar bakin gulbi mako mai zuwa, don a can ma sunan ubansa zai fito.